Shekarar da Hamma Sale Ya Yi Yaji

Ranar sadakar ukun kawunku Sale ina zaune a kan tabarma a gidansa na Inkil, mata sun cika tsakar gida ana ta karɓar gaisuwa, sai na jiyo ɗaya daga cikin jikokina a bayan zana yana ce wa 'yan'uwansa wai Mai Yaji ya yi yajin da babu biko. Suka tuntsire da dariya suna toshe baki. Na gane muryar, amma ba zan kama suna ba, mai ita ya san kansa. Ban yi fushi ba, don da marigayin yana raye shi zai riga kowa dariya. Abin da ya dame ni shi ne na lura duk cikinku babu wanda ya san asalin sunan nan. Guntun labari kuka tsinta a majalisa, wai kawunku ƙato ne ragon maza, matarsa ta koro shi da muciya. To ku gyara zama. Na tsallake labarin haife-haifenku da ƙaurar da muka yi ta yi daga wannan haya zuwa waccan don in tsaya a kan wannan shekarar, domin ita ta raba zaman gidanmu biyu. A cikinta kuma akwai amsar tambayar da kuka sha yi mini, ta dalilin da ya sa nake juyo muku kunnen dama in kuna magana.

Hamma muke ce wa babban wa, don iyayenmu Fulani ne da suka zauna a gefen gari. Shanun sun ƙare tun muna yara, aka bar mu da kunya da kiran Hamma da Goggo. Hamma Sale dillali ne a kara, wato kasuwar shanu, kuma in sa ya gagara, shi ake kira ya riƙe ƙaho ya murɗe wuya ya kai shi ƙasa. Ku da kuka san shi da tsufa kun ga saura ne kawai. A lokacin sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, 'yan acaɓa kuwa in sun hango ya ɗaga hannu sai su kau da kai kamar an kira su daga wancan titin. Amma muryarsa ba ta fi ta mai rarrashin jariri ba, ban taɓa ganin ya daki ko akuya ba. Matarsa Yelwa kuwa 'yar mitsitsiya ce, da ƙyar kanta ya kai aljihun rigarsa. Masa take yi, kuma a fagen masa ban ga na biyunta ba, har daga GRA ake turo direbobi da kwanuka su yi layi a ƙofar gidan. Allah ya ba ta hannun girki, ya kuma jarrabe ta da zuciya. Shekara da shekaru maƙwabta na jin ihunta ta katanga tana cewa, “Wayyo jama'a, zai kashe ni!” Mutane su yi ta tsine wa Hamma a zuci, ƙato da shi bai ji kunyar dukan wannan 'yar abu ba. Ba wanda ya taɓa leƙawa ya ga cewa mai ihun ita ke riƙe da muciyar, wanda zai yi kisan kuwa yana maƙale a bango ya rufe kai da hannu biyu.

Ni a lokacin ina Gwallaga a gidan babanku, Malam Idi tela, Allah ya jiƙansa. Zan faɗi gaskiyarsa duka, mai daɗi da marar daɗi. Bai taɓa barinmu da yunwa ba, kuma ko wace salla da sabon ɗinki kuka fita. Keken ɗinkinsa na zaure, zauren kuma majalisa ce, don babanku Allah ya yi masa baki. Duk inda miji da mata suka saɓa a unguwa shi ake kira sulhu, ya gyara hula ya yi ta zuba zance har masu faɗan su manta abin da ya haɗa su. Sai dai in ya shigo cikin gida bakin yakan huta, hannu ya karɓi aiki. Miya ta yi gishiri, mari. Ruwan wanka ya huce, mari. Wata rana kan maɓallin da shi da kansa ya ajiye a aljihu ya manta. Ina goyon Auwalu ya yi mini wanda ya sa na ji wani abu ya yi ƙara a cikin kaina, na ɗaure kayana na yi yaji zuwa Inkil, tun da iyayenmu sun rasu, Hamma ne uba. Ko kwana biyu ban yi ba ya sa ni a gaba muka kamo hanya, ba tare da an zo biko ba ma.

“Dije, yi haƙuri,” in ji shi. “Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Mace ta gari ba ta tona asirin ɗakinta.”

A hanya ya tsaya ya saya mini rake. Haka na koma gidan babanku da haƙuri a kunne ɗaya, wanda ke ji, da rake a hannu. Daga nan ban sake kai ƙara ko'ina ba, na koyi yin kuka a hankali.

To a shekarar da nake ba ku labari, bayan an yi girbi, wata ranar da hantsi ina surfe a tsakar gida sai na ji sallama ƙasa-ƙasa. Na ɗaga kai na ga ƙofar ta yi duhu, Hamma ne ya sunkuyo. A kafaɗarsa ga 'yarsa Ummi, lokacin ba ta fi tsaran Auwalu ba, ba su shiga makaranta ba tukuna. A hannun dama ga jakar bakko, hannun hagu kuma an naɗe shi da tsumma, ga ƙulu a goshi kamar ƙwan zabo.

“Hamma, lafiya? Me ya same ka?”

“Sa ne ya tunkuye ni.”

“Ba sa ba ne,” in ji Ummi daga can sama. “Inna ce.”

Ya sauke ta, ya ajiye jakar, ya zauna a kan turmin da na kife, turmin ya yi ƙara. Sai ya dube ni.

“Dije, yaji na yi.”

Na yi dariya har sai da na dafa bango. Ku yi tunani, mace ce ke yaji ta bar gidan miji ta tafi na iyayenta. Shi kuwa gidan da ya baro gidan ubanmu ne, ya bar wa Yelwa shi da ragunan da yake kiwo, ya taho gidan ƙanwa da jaka. Dariyar ba ta tsaya ba sai da ya kwance tsumman. Daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu fatar ta saɓule, man masa ne mai tafasa. Ya ce shi nasa jikin ya saba, muciya da itace ba su fi ƙahon sa ba, shekarun nan duk yana ɗauka yana shiru don kada a ji a yi masa dariya. Amma jiya Ummi ta yi tuntuɓe ta kifar da ƙullu, uwar ta ɗebo mai a ludayi daga kan tanda, shi ne ya sa hannu a tsakani. Na ja yarinyar na duba ƙafafunta, duk shatin waya ne, sabo a kan tsoho. Hankalina ya tashi ƙwarai. Amma duk da haka akwai abin da ya daɗe yana cina, kuma ban iya haɗiye shi ba. Na gyara ɗaurin zane na tsaya a kansa.

“Hamma, yi haƙuri. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Namiji na gari ba ya tona asirin ɗakinsa. Tashi mu je in mai da kai, a hanya zan saya maka rake.”

Ya ɗago ya dube ni. Na shafa masa zuma a ƙunar, na share masa ɗakin da ke jikin zaure.

Babanku kuwa ranar kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Ya tsai da keke ya yi ta dariya har hularsa ta faɗo a kan yadin mutane. Kafin la'asar babu wanda bai ji ba a Gwallaga. Masu facin taya, masu shayi, har da mai gyaran rediyon da ba ya gaisawa da kowa, duk sai ga su wai sun zo duba mai jiki. Babanku ya naɗa kansa uban mai yaji. In Hamma ya miƙe zai je masallaci sai ya ce, “Yaya, yi maza ka dawo, mai yaji ba ya yawo, kada dangin miji su zo biko su tarar ba ka nan.” Majalisa ta kwashe. Wata rana ina kawo musu abinci na ji yana ba shi shawara da murya irin ta masana.

“Ai kai ka ɓata ta, Yaya. Mace sai da hannu. Da tun farko ka ɗauke ta da mari ɗaya mai kyau, da yanzu kana gidanka kana cin masa.”

Hamma ya buɗe tafinsa ya dube shi. “Idi, da hannun nan nake kayar da sa. In na mare ta, ita maƙabarta, ni gidan yari. Ko ba don haka ba ma, ni ban iya ba.”

Zaman yajin nan ya ɗauki makonni, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗinsa. Hamma ya hana ni jan ruwa, ya karɓi daka har ya tsaga mini taɓarya, tuwon mutum uku kuma shi kaɗai yake tashi da shi yana ba da haƙuri. Abin da ya fi duka, tun da ya sauka hannun babanku ya shiga aljihu bai fito ba, don ba wanda zai mari mace wanta na bayan bango, balle irin wannan wan. Na zuba gishiri yadda na ga dama. Yelwa ta aiko maƙwabciya wai a ce masa raguna sun ƙi cin dusa, ya ce a gaishe su. Ta sake aikowa wai rufin ɗaki na yoyo, ya ce ai damina ta wuce. Ni dai na san ƙarshen abin, za a taru a ce a yi haƙuri, ya ɗauki jakarsa da 'yarsa su koma, ni ma hannu ya fito daga aljihu.

Abin da ya sauya lissafin wasan yara ne. Wata rana bayan azahar ina tsince shinkafa a inuwa, Hamma na gefe yana gyara mini igiyar guga, Auwalu da Ummi suna wasan gida a gindin bango. Sun jera gwangwanaye, sun tuƙa tuwon ƙasa, sun goya wa totuwar masara tsumma ita ce ɗansu. Auwalu ne miji, Ummi ce mata. Can sai gardama ta kaure.

“Ni ce matar, ni zan dake ka,” in ji Ummi.

“Ƙarya ne, miji ke duka,” in ji Auwalu. “Ki kawo tuwon, in ce ya yi gishiri, in mare ki, ki shiga ɗaki ki yi kuka a hankali.”

“Ba haka ake yi ba! Matar ke duka tana ihu, mijin ya tsaya a bango.”

Da abin ya ƙi ƙarewa suka taho wurinmu neman hukunci, kowa ya ci magani.

“Goggo, wai a aure wa ke duka?”

Na ci gaba da tsintar shinkafata. Hamma ma igiyar kawai yake kallo. Da suka ga manya ba su da amfani sai suka koma suka sasanta da kansu. Auwalu ya ce to su haɗu su daki ɗan. Suka kwance totuwar daga goyo, kowa ya samo tsinke, suka yi ta zabga mata suna dariya. Auwalu, yau kai ne mai furfura a gemu, na san ba ka tuna ba, amma ni ban taɓa mantawa ba. Dukan da na sha bai taɓa yi mini ciwo kamar kallon wannan wasan ba.

“Har yanzu, Dije?” in ji Hamma, murya can ƙasa.

“Ba kai ka ce in yi haƙuri ba? Ai shi nake yi.”

Ranar har tuwonsa ya rage, abin da bai taɓa yi ba. Washegari ya tashi da sabuwar magana. Ya ce shi ba zai koma Inkil ba sai an yi masa biko cikakke, irin wanda ake yi wa 'yar gata. Bappan Yelwa, ɗan'uwan ubanta, ya zo da kansa, a kira liman, a kira mutanen majalisa su shaida, kuma tun da a gidan Malam Idi ya sauka, Malam Idi ne waliyyinsa, shi zai yi magana a madadinsa ya gindaya sharaɗi. Na ce masa ya haukace, abin da ake rufewa shi zai baza a faifai, ga shi ana maganar ba shi shugabancin dillalan kara. Ya ce a bar shi. Bai gaya mini abin da ya ƙulla ba. Babanku kuwa ya karɓi aikin hannu biyu. Ya ba da babbar rigarsa aka buga, ya yini yana taka keke yana gwada jawabi shi kaɗai, har ya ɗinke wa wani aljihu ta baki.

Ranar Juma'a bayan la'asar zaure ya cika har waje. Yelwa ma ta zo, ta shigo cikin gida ɗauke da kayan bikonta, masa cike da fanteka da miyar taushe. Na yi niyyar ko kallonta ba zan yi ba, sai na ga ta rame, idanu sun faɗa. Ummi na ganinta ta ɓuya a bayana, wannan kuwa ya karya ta, ta zauna a ƙasa.

“Dije, da bulala aka raine ni, ban san wata hanya ba. In zuciyar ta taso ba na gani sai na gama. Ihun nan ma tun ina yarinya nake yinsa, yanzu ko ni ke dukan sai ya fito.”

Na ji haushinta, na kuma ji tausayinta, ban san wanda ya fi ba. Aka fitar da masa zaure, mu biyu muka raɓe a bayan ƙofa muna saurare. Bappan Yelwa, wani tsoho mai sanda, ya fara da abin da kowa ya sani, harshe da haƙori, zo mu zauna zo mu saɓa. Ya ƙara da cewa su dai abin da maƙwabta suka shaida, 'yarsu ce ke ihu. Hamma bai yi musu ba, ya kwance tsumman ya miƙa hannun tsakiyar zaure. Tsohon ya yi salati ya sunkuyar da kai. Nan babanku ya ga fili ya samu, ya yi gyaran murya. Wallahi ban taɓa jin ya yi magana mai daɗin ta ranar ba. Ya ce aure amana ne, ba filin dambe ba. Ya ce duk wanda ya ɗaga hannu a kan abokin zamansa ya nuna bakinsa ya gaza, hankalinsa ma ya gaza. Ya ce ko jakin kirki ba a sarrafa shi da sanda, balle ɗan Adam da ake kwana a tashi da shi. Ya ce yara na kallo, abin da suka gani shi za su ɗauka. Mutane sai “Ƙwarai!” suke, “Gaskiya ne, Malam!” Yana jin haka ya ƙara wuta. Ya ce sharaɗinsu ɗaya ne: daga yau in hannu ya sake tashi, wanda aka daka ya ɗauki jakarsa ya fita, kuma babu mai mai da shi da haƙurin baki, sai an dawo gaban liman da wannan jama'a an tona komai. Bappa ya ce sun karɓa. Liman ya ɗaga hannu zai shafa fatiha.

“Allah gafarta malam, ina da tambaya,” in ji Hamma. “Ni ba mai ilimi ba ne. Wannan sharaɗin na waliyyina, mata kaɗai ya hau ko har da maza?”

“Haba Yaya, ai kowa da kowa,” in ji babanku, bakinsa bai huce ba.

“Inkil kaɗai, ko har Gwallaga?”

Wannan karon liman ne ya amsa, ya ce gaskiya ba ta da unguwa.

“To ƙanwata na bayan ƙofar nan. Shekarun baya ta kawo mini kuka na mai da ita da rake. A tambaye ta yadda take zaune.”

Liman ya kira sunana ya ce, “Dije, lafiya kuke zaune da Malam?” Amsar tana bakina a shirye, wadda kowace mace ta haddace: lafiya lau, alhamdu lillahi. Da ita aka raine mu, Innarmu takan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na san in na faɗi wani abu daban na kunyata mijina a zaurensa, a gaban abokansa, a ranar da ya fi kowace rana jin kansa, kuma ba za a yafe mini ba. Na san kuma in na ce lafiya lau, Hamma ya zubar da girmansa a banza, gobe hannu ya fito daga aljihu. Na waiwaya tsakar gida, sai ga Auwalu zaune a gindin bango da totuwar nan a hannu. Na matso jikin ƙofar na ɗaga murya.

“Allah gafarta malam, a maimaita mini tambayar ta wannan gefen. Wancan kunnen Malam ya kashe shi tun ina goyon Auwalu.”

Wani ya ƙware da masa aka shiga bubbuga masa baya. Yelwa da ke leƙe ta kafar ƙofa ta ce mini babanku na ta laluben hularsa a kan tabarma, alhali tana kansa. Wanzami dai ba ya son jarfa. Liman bai tsawaita ba, ya ce sharaɗin da mai gida ya gindaya da bakinsa ya hau gida biyu, jama'a sun shaida, a shafa fatiha. Aka shafa, kowa ya nemi takalminsa. Hamma ya saɓa Ummi a kafaɗa, Yelwa ta ɗauki jakar bakko da fanteka ta bi su a baya, ita ce mai biko ai.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Babanku ya daina yi mini magana har damina ta kusa zagayowa. In yana son abu sai ya tsaya a tsakar gida ya fuskanci bango ya ce, “A gaya wa mutanen gidan nan ana son ruwan wanka.” Ni ma in fuskanci turmi in ce an ji. Goggonninku, 'yan'uwansa mata, suka ɗauke ƙafa, akwai wadda har ta rasu ba ta sake cin abincina ba. A gidan biki in na shiga sai zance ya mutu, ana nuna ni da baki, ga wadda ta tsiraita mijinta. Aka daɗe ba a kira babanku sulhu ba, wannan kuwa ya fi komai cin ransa. Hamma ya rasa shugabancin kara, suka ce wanda mace ta kora ba zai shugabanci masu kama ƙaho ba, sunan Mai Yaji kuma ya bi shi har kabari. Ya san haka za a yi tun kafin ya tara mutane, da idonsa buɗe ya sayar da girmansa.

Amma hannu bai sake sauka a kaina ba. Sau ɗaya ya tashi, ranar da na ƙona masa riga da dutsen guga. Na ga ya ɗaga, na tsaya ina kallonsa, hannun ya yi jim a sama, sai ya zarce ƙeya ya hau susa. Kun san babanku da sosa ƙeya in ransa ya ɓaci, har kuna kwaikwayonsa, to daga ranar ya samo ta. Ku ƙananan da aka haifa daga baya kun tashi ba ku taɓa ganin an daki kowa a gidanmu ba, har kuna zaton haka Allah ya halicci gidan. A Inkil ma Yelwa ba ta zama waliyyiya ba, zuciyar tana nan, sai dai ta koma kan tukwane da ƙofar langa-langa. Hamma ya kafa ƙusa a bakin ƙofa ya rataye jakar nan, in ya ga idonta ya fara juyawa sai kawai ya dubi ƙusar. Ummi ta girma ta yi aure, ku da kanku kun ga yadda take da 'ya'yanta.

Babanku bai taɓa tayar da zancen ba sai a ciwonsa na ƙarshe. Wata rana da yamma ina zaune a bakin gado ya lallaɓo ya zauna ta hagu, ya yi ta ƙus-ƙus. Na ga bakinsa na motsi, na kuma gane abin da yake faɗa, amma na ce, “Malam, ka san ba na ji ta nan.” Ya dube ni, ya dafa bango da ciwon gwiwarsa, ya zagayo ta dama ya zauna, ya faɗa da ƙarfi yadda ko na zaure zai ji. Na yafe masa, har zuciyata, ku ma ina so ku yi masa addu'a.

Ranar sadakar ukun nan, bayan mutane sun watse, Yelwa ta ciro jakar daga ƙusa ta miƙo mini, ta ce ita ba ta iya kallonta. Ta koɗe, zip ɗin ya mutu, amma hannunta na nan da ƙarfi. Tana rataye a bayan ƙofar ɗakina. Na riga na nuna wa matanku, na nuna wa mazan 'yan'uwanku mata, yau kuma ina gaya muku ku da jikokina masu dariya a bayan zana. Duk wanda aka ɗaga wa hannu a cikin zuriyar nan, mace ko namiji ko yaro, ya taho, ƙofata a buɗe take, kuma ba zan saya masa rake ba.